Hannun mai shanyewar ɓarin jiki: a rataye shi ko a bar shi?

Abban_Fisiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son mu tattauna maganar maratayin hannu. Yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da ake kawowa ɗakin gashin ƙashi (fisiyo) daga gida, za ka gan su hannu rataye a wuya da ɗankwali ko bandeji, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafi manne da ciki. In ka tambaya tun yaushe, sai a ce tun ranar da aka sallamo shi, wata biyu ko uku ke nan. A nawa ganin ɓarnar wannan rataya ta fi gyaranta yawa, kuma ya kamata a daina ba da ita gaba ɗaya. Mai ja ya zo da hujja.

Maman_Ilham_PT:
Wa alaikumus salam Malam. "Gaba ɗaya" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. A makonnin farko hannun laƙwas yake, tsokar da ke saman allon kafaɗa da ta bayan ƙwallon kafaɗa, waɗanda ke riƙe kan ƙashin dantse a mazauninsa, ba sa aiki. Hannun babban mutum ya kai kilo uku zuwa huɗu. In ya miƙe tsaye, wannan nauyin duk yana jan gaɓar ƙasa. Sa yatsanka tsakanin ƙashin saman kafaɗa da kan dantse, ka gwada da ɗaya ɓangaren: in rabin yatsa ya shige, ko yatsa ɗaya, ko fiye, kafaɗar ta sauka ke nan. Irin wannan yana buƙatar tallafi sa'ad da ake tsayar da shi ko ake koya masa tafiya. Da ya zauna ko ya kwanta, a cire. Ba maratayin ne matsalar ba, barinsa a wuya dare da rana ne.

Abban_Fisiyo:
Hajiya, ai matsalar ke nan. Kin ce a cire in ya zauna, su wa za su cire? Da zarar 'yan gida sun ga ma'aikacin lafiya ya sa, shi ke nan ya zama magani, har barci da shi ake yi.

OT_Zazzau:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma a duba yanayin da maratayin wuya ke ajiye hannu: kafaɗa a juye ciki, dantse manne da haƙarƙari, gwiwar hannu a lanƙwashe, wuyan hannu a sake yana lilo. Wannan shi ne ainihin yanayin da ƙagewar tsoka za ta ja hannun zuwa gare shi nan da 'yan makonni. Wato mun taya ciwon aikinsa. Abin da ke fara ɓacewa shi ne juya kafaɗa waje, kuma rashinsa na cikin abubuwan da suka fi tafiya tare da ciwon kafaɗa. Shi ya sa ake son a kwantar da majinyaci rigingine, a ɗan buɗe dantse daga jiki, gwiwar hannu a digiri 90, a juya hannun waje a hankali har inda zai iya ba tare da zafi ba, a tokare da matashi, a bar shi minti 30 kullum. Ba ya cin ko kobo.
Akwai kuma maratayin da ke kama dantse kaɗai ya zagaya ta baya, ya bar gwiwar hannu a miƙe. Ya fi na wuya, sai dai in ba a ɗaure shi daidai ba ado ne kawai, in kuma aka matse sai hannu ya kumbura.

Dalibi_400L:
Ranku ya daɗe, tambaya. Saukar kafaɗar ce ke kawo ciwon?

Maman_Ilham_PT:
@Dalibi_400L ba dole ba, ƙanena. Akwai mai saukar yatsa biyu da ba ya jin komai, akwai wanda kafaɗarsa ba ta sauka ba amma ba ya barci don zogi. Cikin abubuwan da ke jawo ciwon akwai yadda ake kama hannun. A ja shi ta hannu don a tayar da shi zaune, a sa hannu a hammatarsa a ɗaga, a cire masa riga da ƙarfi. Sai kuma ɗaga hannu sama ba tare da lura da allon kafaɗa ba. Ka tuna lissafin da aka koya muku: a cikin digiri 180 na ɗaga hannu, kusan 120 daga gaɓar kafaɗa ne, 60 daga juyawar allo. In allon bai juya ba, ka tura hannun sama da digiri 90, kan ƙashin zai matse jijiyoyin da ke ƙarƙashin rufin kafaɗa. Don haka hannunka ɗaya a kan allo yana bin sa, ɗaya riƙe da dantse kusa da gwiwar hannu, babban yatsan majinyaci yana kallon sama. In ba za ka iya haka ba, tsaya a 90.

Baba_Gwale:
A ƙara da igiyar fuli, wadda ake ratayawa a saman ƙofa ko a reshen bishiya, mai lafiyan hannu ya ja mara lafiyan sama. Har yanzu tana nan a ɗakunan gashi da yawa. Ƙa'idojin gyaran masu shanyewar jiki na Amurka na 2016 sun ce kada a yi amfani da ita, saboda dalilin da Hajiya ta faɗa: tana ɗaga hannu, ba ta juya allo. Ga mai daskararriyar kafaɗa da tsokarsa ke aiki wata magana ce daban. Ga shanyayyen hannu, a kwance ta a ajiye.

Nas_Talatu:
Bari in sa baki daga ɓangaren ɗakin kwanciya, don ɓarnar tun a can take farawa kafin ku gan shi. Abu uku. Kada a sa robar ƙarin ruwa a shanyayyen hannu in akwai wata hanya, don hannun da ba ya motsi ba ya mayar da ruwa, sai ya kumbura. A juya majinyaci duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, a duba diddige, da ƙashin ƙugu, da tsatso. Sannan wajen juyawa a kama allon kafaɗa da ƙugu, ba hannu ba.
Kuma 'yan jinya suna tsoron kwantar da shi a kan shanyayyen ɓangare. Babu laifi, yana ma da amfani, in dai an fara jawo kafaɗar gaba yadda nauyin zai sauka a kan allo ba a kan ƙwallon kafaɗa ba, hannu a miƙe gaba, tafi yana kallon sama, mai lafiyar ƙafa a kan matashi. In ta mai lafiyan ɓangare ya kwanta, sai a ɗora shanyayyen hannu a kan matashi a gabansa, kada ya faɗa baya ko ya rataya a bakin gado.

Kine_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. A nan kine ake ce mana mu masu fisiyo, amma matsalar ɗaya ce. Abin da ban ga an ambata ba shi ne masu ɗori. Iyali su ga rami a kafaɗa, su ce gocewar ƙashi ce, a kai wa maɗori ya ja ya mayar. Ba gocewa ba ce irin ta faɗuwa daga babur. In ka tallafo gwiwar hannu ka tura sama a hankali, kan ƙashin zai koma, ka saki ya sake sauka, domin tsokar da za ta riƙe ce babu. Jan da za a yi masa sai dai ya yaga abin da ke ciki. Ya kamata a nuna wa iyali wannan da idonsu tun ranar farko, kafin wani ya ba su shawara a gida.

Sadauki77:
To wai gashin fa? Mutane gashi suke zuwa nema. In ba ka kunna jar fitila ko ka sa shokin na na'urar lantarki ba, cewa za su yi ba a yi musu komai ba.

Baba_Gwale:
@Sadauki77 sunan ne ya cuce mu. Tun da aka ce "gashin ƙashi", kowa ya ɗauka zafi ne maganin. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ba, kuma zafi ba ya koya wa ƙwaƙwalwa komai. Yana iya rage zogi ya sassauta tsoka na ɗan lokaci kafin motsa jiki, iyakarsa ke nan. Haɗarinsa kuma babba ne, don da yawa ba sa jin zafi a wannan ɓangaren, balle in da ciwon suga. Kafin a ɗora komai mai zafi a gwada: kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, ya rufe ido ya faɗi wace ce wace. In ya kasa, babu gashi. Jakar zafi ta asibiti daga ruwa mai digiri 70 da ɗoriya take fitowa, shi ya sa ake naɗe ta da tawul ninki shida zuwa takwas, minti 15 zuwa 20, kuma a ɗaga a duba fatar bayan minti biyar. A gida kuwa tawul ake tsomawa a tafasasshen ruwa a danna. Ƙunar da ke biyo baya takan ci makonni, a daidai lokacin da ya fi kowane tsada.

Dalibi_400L:
Wane lokaci ne ya fi tsada, Baba?

Baba_Gwale:
Wata uku na farko. A nan ne mafi yawan abin da zai dawo yake dawowa. Bayan haka ana ci gaba da samun sauƙi, har bayan shekara ma, amma a hankali kuma da aiki mai yawa.

Maman_Ilham_PT:
Sai dai kada a ji haka a yi gaggawar da ta wuce kima. Binciken AVERT na 2015, mai majinyata sama da 2,000, ya nuna waɗanda aka tayar da su da yawa cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba. Don haka bayan kwana ɗaya, in likita ya ce ya daidaita, a fara zama a bakin gado, gajere-gajere, sau da yawa. A auna hawan jini kafin kowane zama. In ya haura 180/110, a dakata a sanar da likita.

OT_Zazzau:
Maganar shokin da Sadauki ya kawo, kada a yi mata kuɗin goro. Na'urar motsa tsoka da lantarki tana da gurbi a saukar kafaɗa, musamman a watannin farko: faci ɗaya a saman allo, ɗaya a bayan ƙwallon kafaɗa, a ƙara ƙarfi har ka ga kan ƙashin ya hau ba tare da kafaɗar duka ta ɗage zuwa kunne ba. In ta ɗage, facin sama ya hau kan tsokar wuya, a matsar da shi. Amma abin yana son kullum da tsawon lokaci, ba minti goma sau biyu a mako ba. Kuma ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, ko a fatar da ke da rauni.
Abin da na fi son mu koma kai shi ne: me ya sa ƙafa ke dawowa ta bar hannu? Wani ɓangare daga ciwon ne, don jijiyar jinin da ta fi toshewa ta fi ciyar da yankin hannu da fuska. Amma wani ɓangaren daga gare mu ne. Tafiya dole ce da ƙafa biyu, don haka shanyayyiyar ƙafa tana samun aiki ko ana so ko ba a so. Hannu kuwa, ɗaya ya isa a ci abinci a sha ruwa. Sai majinyaci ya gwada sau biyu ya kasa, ya bari, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa wannan hannun ba na aiki ba ne. Maratayi yana ƙara tabbatar mata da hakan, kuma nan ne na fi kusa da ra'ayin Abban_Fisiyo.

Abban_Fisiyo:
Madalla. Wani bincike na 2009 da aka yi a Amurka da Kanada ya ƙirga yawan maimaita aikin hannu a zaman gashi guda, aka samu kusan 32. Gwaje-gwajen dabbobi da suka nuna ƙwaƙwalwa na sauyawa kuwa ɗaruruwa ake yi a rana. Mu nan mai zuwa daga gida sau biyu ne a mako, wani sau ɗaya saboda kuɗin mota. Ashe ainihin aikin a gida yake, mu masu tsarawa ne da dubawa.

Hajjo_Rehab:
Hanya mai sauƙi ta ƙirga: carbi. Zagaye ɗaya kusan ɗari ne, kuma babu gidan da babu shi. A ce wa ɗan jinya zagaye ɗaya da safe, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar. Aikin kuma ya zama na gaske, gwargwadon abin da hannun ke iyawa. Wanda bai da komai sai ɗan motsin kafaɗa: tawul a kan tebur, ya ɗora hannu ya tura gaba ya dawo. Wanda yatsu suka fara buɗewa: kofin roba mara komai, ya ɗauka ya ajiye ya saki. Daga nan ƙwallon goruba, sai dabino, sai murfin kwalba, sai gyaɗa ɗaya-ɗaya daga kwano zuwa kwano. In yana cin nasara sau takwas cikin goma, a ƙara wuya: a nisanta kwanon, ko a ɗaga shi bisa bulo. In yana karkata jiki duka ko ɗage kafaɗa don ya kai, aikin ya fi ƙarfinsa, a sauko. Ya zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa.

Sadauki77:
Ƙwallon matsawa fa? Kowa da ita yake zuwa.

Hajjo_Rehab:
Matsewa ba ita ce ta ɓace ba, buɗewa ce. Hannun da kansa dunƙulewa zai yi. Mutum ya wuni yana matsa ƙwallo, ya ƙware a abin da dama zai samu, ya bar abin da yake nema.

Maman_Ilham_PT:
Gyara kaɗan, 'yar'uwa. A da ana cewa ƙarfafa tsoka yana ƙara ƙagewa, amma bincike bai tabbatar da haka ba, kuma riƙon nasu ma mai rauni ne. Don haka ba haramun ba ce. Laifinta shi ne ta zama ita kaɗai ce aikin. In za a matsa, kowace matsa ta biyo da sakin ƙwallon gaba ɗaya a kan tebur.

Dalibi_400L:
Ta yaya za a san hannun da zai dawo? 'Yan'uwa kullum suna tambaya.

OT_Zazzau:
Duba abu biyu a kwana uku na farko: yana iya buɗe dantse daga jiki ko kaɗan? Yana iya miƙe yatsu ko kaɗan? In duka biyun suna nan, alama ce mai kyau ƙwarai. In har mako huɗu babu ko ɗaya, fatan samun hannu mai aikin yatsu ya ragu sosai, sai a karkata ga kare kafaɗa, tsabtar tafi, da koya masa rayuwa da hannu ɗaya. Amma kada ka yanke wa kowa hukunci, kuma kada ka yi alkawari. Ka auna ka rubuta. Ma'aunin Fugl-Meyer na hannu maki 66 ne, na Barthel na ayyukan yau da kullum 100. Ko ba ka da lokacin waɗannan, ƙirga murfin kwalba nawa yake kwashewa a minti ɗaya, ka maimaita duk mako biyu. Lamba tana ƙarfafa gwiwar majinyaci fiye da "ana samun sauƙi".
Wanda ke iya ɗaga wuyan hannu kusan digiri 20 da miƙe yatsu digiri 10, shi ne ya dace da tsarin ɗaure mai lafiyan hannu. Na asali awa shida ne a rana har mako biyu, wanda da wuya a iya a nan. Sassauƙan shi ne a sa wa mai lafiyan safa mai kauri na wasu awanni a gida, a ba shanyayyen aiki. Sharaɗi: kada a sa safar in zai yi tafiya da sanda ko zai shiga banɗaki, kuma kada a yi wa wanda ba ya tsayuwa da kyau.

Kine_Maradi:
Wanda yatsunsa ba sa motsi sam, akwai madubi. A tsayar da shi a tsakiyar tebur, shanyayyen hannu a bayansa, ya kalli hoton mai lafiyan yana buɗewa yana rufewa kamar shi ne ɗayan. Minti 20 zuwa 30 a rana, mako huɗu. A cire agogo da zobe don kada hoton ya tona kansa. Madubin kasuwa ya wadatar.

Ummu_Khalil_OT:
Kun daɗe a kan kafaɗa. Abin da ke hana iyali barci shi ne banɗaki, wanka da salla, kuma a nan ne ake jan hannun da kuke son karewa. Gidaje da yawa masai na tsuguno ne, kwanciya kuma a katifa a ƙasa. Tayar da babban mutum daga ƙasa sau biyar a rana, dole a ja shi ta inda aka samu. Don haka kafin a yi maganar maratayi, a ɗaga makwancinsa ya kai tsayin kujera, santimita 45 zuwa 50. A sa kafinta ko mai walda ya yi kujera mai rami da madafa biyu, a ɗora bisa masai ko a sa bokiti a ƙasa. Ana yanka farar kujerar roba, amma yankan yana raunana ta, ƙafafunta kuma suna baɗewa a jiƙaƙƙen siminti.
Tashi tsaye: ya matso bakin kujera, ƙafa biyu su koma baya ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo har hanci ya wuce gwiwa, sannan ya miƙe. Mai taimako ya tsaya ta shanyayyen ɓangare, ya riƙe zani ko rawani da aka ɗaura masa a ƙugu, gwiwarsa tana tokare gwiwar majinyaci. In za a koma keken guragu, a ajiye shi ta mai lafiyan ɓangare, a taka birki, a ɗage matakan ƙafa.
Riga: shanyayyen hannu ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita. A fara da mai faɗi, a bar mai maɓalli sai gaba. Cokali a naɗe mariƙinsa da tsumma ko robar tayar keke har ya yi kauri, a sa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin kwano don kada ya gudu.

Malam_Na_Tudu:
Allah ya saka, Malama. A kan salla, hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Dattawa da yawa suna matsa wa kansu sai sun kai goshi ƙasa, a nan ake faɗuwa. Haka wanda damansa ya shanye yana jin nauyin ci da hagu, wanda hagunsa ya shanye yana jin nauyin tsarki da dama, har wani ya rage cin abinci da shan ruwa don kada ya buƙaci banɗaki. Lalura tana da hukuncinta, kuma in malamin da yake girmamawa ne ya faɗa masa, ya fi saurin karɓa.

Ummu_Khalil_OT:
Haka ne Malam. Alwala ma kanta atisaye ce sau biyar a rana: mai lafiyan hannu ya ɗauki shanyayyen ya wanke, ya buɗe yatsu, ya tsane tsakaninsu. Tafin da ya dunƙule in ba a buɗe shi ana wankewa ana yanke farce ba, yana wari ya yi rauni.

Nas_Talatu:
Tun da an zo abinci: wanda ke tari ko muryarsa ke canzawa bayan kurɓar ruwa, kada a ɗura masa a kwance. A zaunar da shi sosai, loma ƙanana, a duba kumatun shanyayyen ɓangare don tuwo na maƙalewa a can, ya zauna minti 30 bayan ci. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga da yawansu, amma a nemi a gwada haɗiyarsa a asibiti. Sannan in ƙaurin shanyayyiyar ƙafa ya kumbura ya yi ɗumi, kada a yi tausa ko kaɗan. Yana iya zama gudan jini, tausa kuma na iya tura shi huhu. Asibiti a ranar.

Sadauki77:
Wani kuma hannun ba shi da rauni sosai amma ya mance da shi, yana barin sa ya faɗa cikin tayar keke.

OT_Zazzau:
Wannan ya fi yawa ga wanda hagunsa ya shanye. Ba makanta ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta daina lura da wannan gefen. Ba shi takarda mai layi a kwance ka ce ya raba tsakiya, za ka ga ya karkata dama sosai, ko ya ci rabin kwano ya bar rabi. Irin wannan yana yawan jin rauni a kafaɗa. A riƙa zuwa masa ta hagu, a ajiye rediyo da masu gaisuwa ta hagu, hannun kuma kullum a kan tebur ko matashi a gabansa inda ido zai gan shi. A keke a sa masa allo a kan madafa ya ɗora hannu. Wannan allon ya fi maratayi a zaune nesa ba kusa ba.

Baba_Gwale:
Abin takaici, masu fannin koyar da ayyukan yau da kullum, wato OT, sun yi ƙaranci ƙwarai a arewa. Jami'ar Bayero da ta Maiduguri sun daɗe suna yaye masu fisiyo, amma horon OT ya fi yawa a kudu, irin su Ile-Ife da makarantar Oshodi a Legas. Shi ya sa dole ɗan fisiyo ya san maganar cokali da masai. Kuma a gaya wa iyali, mai zuwa gida yin gashi su nemi shaidar rajistarsa da MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya. Ba duk mai jakar na'ura ne ya karanta aikin ba.

Hajjo_Rehab:
Abin tallafe tafin hannu na dare fa, na roba ko na filasta? Shi ma ana barin sa kamar maratayi.

Maman_Ilham_PT:
Binciken da aka yi a kansa bai nuna yana hana gaɓa ƙagewa ba in an ba kowa da kowa. Yana da amfani ga wanda farce ke shiga tafinsa ko wuyan hannu ke zafi. In an yi shi, a fara da awa ɗaya ko biyu, a cire a duba. Jan da bai ɓace cikin minti 20 ba yana nufin yana matsa wurin, a gyara bakin. Hannun da ya kumbura, ya yi sheƙi, yana zafi ko an taɓa kaɗan tare da ciwon kafaɗa kuwa, wannan na likita ne da wuri, ba na tausa da man zafi ba. Kuma kada iyali su riƙa sayo maganin ciwon jiki a kemis suna haɗawa da asfirin ɗin da yake sha.

Abban_Fisiyo:
Na ji hujjoji. Na janye "gaba ɗaya", amma ba zan janye cewa na ɗankwali a wuya ba shi da gurbi bayan an bar asibiti ba. In dole ne, a rubuta wa iyali a takarda: tsaye da tafiya kawai, kuma a sa ranar da za a sake dubawa.

Maman_Ilham_PT:
Takarda ga wanda ke karatu. A ɗauki bidiyo da wayar ɗan jinya ana nuna yadda ake sawa da cirewa da yadda ake tayar da shi, ya fi. Kuma a koya wa wanda ke kwana da majinyacin, ba wanda ya rako shi asibiti ba, don sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Kine_Maradi:
Ni har yanzu ina ganin mai saukar yatsa biyu da ke tafiya mai nisa zuwa masallaci yana buƙatar wani abu ko bayan wata shida. Aljihun riga ma yana rage nauyin, in ya zura hannun ciki. Wa ya gwada liƙa filasta mai talewa a kafaɗa a lokacin zafi? Gumi ne ke ɓanɓare ta kafin kwana biyu.

Dalibi_400L:
Ni ma ita nake son tambaya. Daga ina ake fara liƙawa, daga dantse zuwa sama ko daga kafaɗa zuwa ƙasa?

OT_Zazzau:
Daga dantse zuwa sama, bayan wani ya tallafo gwiwar hannu ya mayar da kan ƙashin mazauninsa. A wanke fatar a tsane, babu mai, a zagaye kusurwoyin filastar da almakashi, kada a ja bakin farko da na ƙarshe. A fara gwada ɗan guntu na kwana ɗaya saboda masu ƙaiƙayi. Tana iya rage zogi, amma kada a sa ran za ta ɗauke kilo huɗu.